Tagar da Sharhabil Ya Huda a Rufi

Ranar da na tare a gidan jikata Juwairiyya don in taya ta zaman takaba, abin da na fara ji daga bakin ƙofa shi ne gurnanin famfo a cikin duhu. Falon da na sani da haske kamar tsakar gida ya koma kamar cikin rumbu. Na ɗaga kai na ga an rufe tagar sama da kwano daga waje. Akwatin kifin kuma an lulluɓe shi da zannuwan gado har ƙasa, an ɗaure da igiya.

Bari in faɗi abin da ke cikin akwatin, don ba kowa ya taɓa ganin irinsa ba. Mijinta Sharhabil, Allah ya jiƙansa, injiniya ne. An taɓa tura shi kwas Jidda, wani ya ba shi gilashin fuska ya leƙa ƙarƙashin Bahar Maliya, ya dawo Kaduna da abin a ransa bai sake shi ba. Ya sa aka haɗa masa akwatin gilashi mai tsawon gado, ya cika shi da ruwan da yake dama wa gishiri da hannunsa, ya zuba 'yan kifaye masu launi. Amma ba kifin ne gabansa ba, murjani ne. Mu mata mun san murjani a wuya, ja, matacce, an huda shi an zura zare. Nasa mai rai ne. Wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kuma lallausa, yana kaɗawa a ruwa kamar ciyawar fadama. A jikinsa akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke cin hasken rana ta ciyar da shi. In babu haske babu abinci. Na koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata har na yi ritaya, a takarda kawai na san wannan. Sai da na tsufa na gan shi da idona a Malali, inda sai ka wuni a mota kafin ka ji warin teku.

Da fitilu ya fara. Suka riƙa shanye masa batirin sola, wutar gari kuwa kowa ya san halinta. Wata rana ya ce shi dai ya ga wautarsa, yana zaune a garin da rana ke ƙona ƙeyar mutum amma yana sayen haske. Ya kira Rabe kafinta suka fasa rufin daidai kan akwatin, suka sa gilashi mai kauri. A ƙarƙashin gilashin ya jera koren raga hawa uku, kowacce da igiyarta a jikin bango. Da safe a buɗe duka. Idan rana ta take, a ja ɗaya ko biyu, gwargwadon lokacin shekara. Da yake yana ofis a wannan lokacin, jan igiyar ya zama aikin Juwairiyya. Kullum gab da azahar sai ya bugo waya ya tambaye ta ko rana ta kai kan ƙahon.

Ni amaryarsa yake ce mini, irin wasan mijin jika da kaka. Ya ce da murjani zai biya sadakina. Na ce ni ba na auren mutumin da ya huda rufinsa da gangan, mu dai jira damina. Damina ta zo ta wuce har sau uku, ko ɗigo bai sauko ba.

A ofis ya yanke jiki ya faɗi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ni a lokacin ina kwance a Unguwar Dosa da bandeji a fuska, an yi mini aikin yanar ido, likita ya hana ni ko sunkuyawa. Sai bayan sadakar bakwai na samu zuwa. Na tarar takabar tana hannun Hajiya Balaraba, gwaggon marigayin, wadda ta raine shi a Abakpa tun yana goye. Sa'ata ce ko ta ɗan girme ni. Ta ba yarinyar wuƙa ta riƙe duk inda za ta. Wanka sai Juma'a. Ba ɗaga murya, ba sauri a tafiya. An kife madubin ɗaki. Mai takaba, in ji ta, ba ta zama inda sama ke kallonta, ba ta kuma duba abin da zai nuna mata fuskarta, shi ya sa aka rufe taga da akwati.

Na bari muka gama gaisuwa da addu'a, sannan na tambaye ta a wane babi ta karanta wannan. Na ce abin da na sani, mace ta zauna a ɗakin mijinta wata huɗu da kwana goma, ta bar ado da turare, shi ke nan. Wuƙar ta mece ce, yanka za ta yi? Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ai dama an gaya mata Malama za ta zo da alli da allo. Ta ce ita ma haka aka yi mata, haka aka yi wa uwarta, kuma ga ta nan da ranta. Na ce ni ma na yi takaba, na yi wanka kullum, ga ni nan da raina. Game da abin da ke cikin akwatin kuwa, ta ce ba ta zalunci kowa ba, kullum da safe tana ɗaga gefen zane ta watsa wa kifin abincinsu. Sauran kuwa duwatsu ne, dutse ba ya jin yunwa.

Da murjanin kaɗai ne, da na haƙura. Yarinyar ce ta tsaya mini a rai. Juwairiyya mai jiki ce, mai dariya har da buga cinya. Wadda na tarar, ƙashin wuyanta ya fito, zoben da aka cire mata ma da yana nan da ya zame da kansa. In an kawo abinci ta taɓa ta ture. Ba ta kuka, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Masu zuwa gaisuwa suna yaba haƙurinta, ni ina ganin mutum yana ƙarewa a zaune. Duk wuni tana kan tabarma a ɗaki ido a bango. Amma gab da azahar, lokacin da Hajiya Balaraba ke shiga banɗaki ta daɗe tana alwala, sai ta miƙe ta fita falo.

Na bi ta wata rana. Na same ta tsaye gaban akwatin ta ɗage zanen, fuskarta dab da gilashi. Da ɗan hasken da ke shigowa ta ƙofa na ga abin da ya saura. Launin ya gudu. Lallausan sun tsuke kamar tsumma, faifan ya fara zubar da fata, farin ƙashinsa ya bayyana, ruwan ya yi hazo yana ɗan wari. Na ce mata kada ta damu, zan san yadda na yi aka buɗe, wasu za su tashi. Ba ta juyo ba.

"Kaka, ba su nake dubawa ba."

Ta ce washegarin rasuwar, gida cike da mata, ta ga rana ta kai kan ƙahon, ƙafarta ta kawo ta wurin igiya ba tare da ta yi niyya ba. Da ta ɗago sai ta gan shi a cikin gilashin, tsaye a bayan kafaɗarta ta dama, inda yakan tsaya ranar Asabar in yana gida. Bai yi magana ba. Murjanin yake kallo, ba ita ba. Da rana ta gota ya dushe. Kashegari ma haka. Ranar sadakar uku Gwaggo ta sa aka rufe.

"Tun da aka rufe bai dawo ba. Ki sa a buɗe mini, Kaka."

Na kwana biyu ina juya maganar. Ni dai ban taɓa yarda matacce yana dawowa ya tsaya a falo ba. Wanda ya tafi ya tafi, yana can inda addu'a kaɗai ke isa. Amma ga shi abin da nake faɗa a kansa, a buɗe taga, shi ne abin da take so don wani dalili dabam. In an bar rufin a rufe, za ta ci gaba da bushewa tana jiran haske. In an buɗe ta ga abin da take cewa ta gani, to ba ranar da za ta bar gaban gilashin nan, kuma na san inda irin wannan tsayuwa ke kai mace.

Sai na yi abin da na saba sa ɗalibai su yi, na je na gwada. Da hantsi, tana ɗaki, Hajiya Balaraba ta leƙa maƙwabta, na ɗage zanen na tsaya daidai inda ta tsaya. Na duba bayana. Ƙofar ɗakin marigayin ce, a rufe, a jikinta an rataye farin kaftani a kan ƙusa, an ɗora hula a sama. Na kunna fitilar wayata na ajiye ta kan kujera tana haska ƙofar, na juyo ga gilashin.

Ga mutum nan a bayan kafaɗata ta dama. Dogo, fari, kansa a ɗan sunkuye, ruwan yana motsa shi kamar mai numfashi. Sai da na dafa bango, duk da ni na shirya abin da hannuna. Sannan na yi dariya ni kaɗai, dariyar da rabona da ita tun kafin aikin ido. Riga ce da hula. Rana ta sauko ta taga, ta bugi farin tayil, ta haska ƙofa, gilashi ya mayar. Ɗalibar aji biyu za ta zana maka shi a allo.

Ban gaya wa Juwairiyya ba. Mai wannan hali ba a yi mata darasi. Na sauke kaftanin da hular na naɗe su na tura ƙasan jakata, ko da yake na san kayan mamaci ba a taɓa su kafin rabon gado.

Saura Hajiya Balaraba. Wannan karon ban kawo mata babi ba. Na kamo hannunta na kawo ta gaban akwatin, na ɗage zanen, na haska mata wani ɗan murjani da ya rage da rai a lungu. Na ce ta zuba ido. Muna tsaye ya buɗe 'yan bakunansa, ƙanana kamar furen gero, suna lalube a ruwa. Da na taɓa gilashin suka tsuke. Ta ja da baya tana salati. Ta ce ita wallahi ta ɗauka ado ne irin na roba. Na ce masu rai ne, kuma yunwa ke kashe su ɗaya bayan ɗaya, a gidan da ake roƙa wa mai shi rahama.

Da ta buɗe baki, muryarta ba irin ta gardamarmu ba ce. Ta ce in daina ganin kamar ba ta da hankali. Ita ma ta san wuƙa ba ta korar komai, ana ba mace ne don hannunta ya samu abin riƙewa. Ranar sadakar uku ta fito ta tarar da yarinyar nan a gaban gilashi tana murmushi, irin murmushin da mace ke yi wa mutum ɗaya tak. Shi ya sa ta rufe. Da ta ce wa mutane ga dalili, da yanzu Malali duka ana cewa matar Sharhabil ta taɓu. Sai ta ce al'ada ce, kowa ya yi shiru.

Na ji nauyinta a ranar, ban kuma ɓoye ba. Na ce ta yarda da ni, na san abin da yarinyar ta gani, kuma ba za ta sake ganinsa ba.

"Kin sani," ta ce. "To. Ki buɗe, Malama. Amma ki tuna ke kika buɗe."

Rabe ya zo da tsani washegari. Na ce ya ɓamɓare kwanon duka, a saki rana ta shigo. Sai muka ji murya daga ƙofar ɗaki, cikakkiya, wadda ban ji ba tun zuwana. Juwairiyya ce, ta ce kada ya kuskura. Ta ce abin da ya yi makonni a duhu, in ranar bazara ta faɗa masa kai tsaye, kafin la'asar zai ƙone ya yi fari fat. Sai an ja ragar duka uku tukuna, a ƙara da farin zane a kai, sannan a cire kwanon. Bayan 'yan kwanaki a janye zanen, a bi ragar ɗaya bayan ɗaya. Haka yake yi wa duk sabon murjanin da aka kawo masa daga Legas. Wannan ban sani ba, takardata ba ta kai nan ba. Rabe ya dube ni, na ce ya yi yadda matar gida ta ce.

Hasken da ya fara shigowa kore ne, mara ƙarfi, kamar na ƙarƙashin bishiyar kuka da damina. A cikinsa ta fara aiki. Ta naɗe hannun riga ta tsamo matattun, ta jera su a tire, farare ƙal, ta ce a kai bayan gida. Ta dama gishiri a manyan robobi, ta zuƙe tsohon ruwa da tiyo ta zuba sabo. Wuƙar takabar ma da ita ta kankare gansakukar da ta kama bakin famfo, Hajiya Balaraba tana gani ta kau da kai. Bokiti yana da nauyi, wanda bai ci ba ba ya ɗaga shi. Ran nan ta sha kunu, kashegari ta ce a sa mata ɗan wake da yaji.

Amma kullum gab da azahar sai ta ajiye komai ta tsaya a wurin nan ta ɗago kai. Ni ina kan kujera ina jan carbi, ina kallon ƙofar da ba komai a jikinta. Ta daɗe, sannan ta ce hasken ne bai isa ba tukuna. Aka janye zanen, ta ce bai isa ba. Aka janye raga ɗaya, ta ce saura kaɗan. Na lura ba ta gaggauta ba ko sau ɗaya. Tana son ganinsa kamar ranta, amma ba ta yarda ta ƙona masa murjani don haka ba. A nan na fara sa rai.

Ranar da aka janye ta ƙarshe Alhamis ce. Tun hantsi falon ya cika da rana, inuwar ruwa tana rawa a silin da bango, kifayen suna walƙiya. Mu uku muna nan. Hasken ya tako a hankali daga gefen akwatin, ya hau duwatsu, ya kai kan ƙahon barewar, wanda rabinsa ya mutu rabi yana nan. Juwairiyya ta gyara tsayuwa ta ɗago.

Na ga idonta yana neman wurin, sama da kafaɗarta ta dama. Ta matsa hagu kaɗan. Ta dawo. Ta goge gilashin da gefen mayafi.

"Bai zo ba," ta ce.

Ta sake faɗa, a hankali, kamar mai gaya wa kanta labari. Sannan ta durƙushe a kan tayil, kukan da ta riƙe tun ranar farko ya ɓalle, irin mai fitowa daga ciki, har maƙwabciya ta leƙo ta ƙofa. Hajiya Balaraba, mai hana ɗaga murya, ita ta zauna a ƙasa ta rungume ta, tana cewa yi, yi abinki 'yar nan. Ta yi har muryarta ta dushe. Tana cikin sheshsheƙa ta ɗaga kai ta ga rana ta take sosai a kan ruwan. Ta tashi, fuska jiƙe, ta kama igiya ta ja raga biyu. Ta tsaya ta duba, ta mayar da ɗaya.

Daga ranar ba ta ƙara neman kowa a gilashin ba. Tana tsayawa a wurin, amma ciki take kallo. Ta fara cin abinci kamar mutane, tana yi mini tsiya cewa na cika munshari. Ni kuwa, ba zan ɓoye ba, na riƙa jin daɗin kaina.

Bayan sadakar arba'in 'yan'uwan marigayin suka aiko a haɗa kayansa wuri ɗaya. Muna ɗakinsa ni da Hajiya Balaraba muna ninke riguna, sai ta tsaya tana dube-dube. Ta ce akwai wani farin kaftani da hula da ta rataye a jikin ƙofar nan, ta neme su ta rasa. Na ce suna wurina, na adana su ne kada su yi datti. Na je na ɗauko. Ina miƙa mata na ce, kamar da wasa, ashe ita ta rataye, na ɗauka shi ya bar su a nan.

Ta ce ina, ai suna wurin mai guga lokacin da abin ya faru. Ranar sadakar bakwai ya kawo su, yana kuka, ta rasa inda za ta sa, don an kulle durowa. Ƙofar ma ba ta da ƙusa. Ita ta samu dutse ta kafa.

Na ce ranar bakwai.

Ta ce ranar bakwai, da yamma.

Kwanon kuwa ranar uku aka buga shi. Ban faɗa ba, ta san na lissafa. Ta karɓi kaftanin ta shimfiɗa a gado tana gyara masa wuya, ba ta tambaye ni dalilin da ya sa kayan mamaci suka kwana a jakata ba. Na zauna a bakin gadon. Na tambaye ta, ranar da ta fito ta ga yarinyar tana murmushi, ita ta kalli gilashin?

Ta ci gaba da ninki. Ta haɗa hannayen rigar, ta kifa, ta danne da tafinta.

"Malama, gida cike da baƙi, ana rabon waina, maza na zaune a waje. Me kike ganin zai sa in aika a kira kafinta a wannan rana, in ƙi bari sai gobe?"

Daga falo Juwairiyya ta ƙwala mini kira, wai in zo in gani, bakin ƙahon ya fara yin shuɗi. Na ce ina zuwa, gwiwata ce ta riƙe. Na zauna ina murza gwiwar da ba abin da ya same ta, har na ji ladan ya kira azahar, na tabbata rana ta gota daga kan ruwan, sannan na fita.